Masaukin Ɗalibai a Kwalejin Katsina: Darasi ga Ƙasashen Madawa, Buza da Keita

Tun kafin zuwan Turawa, al'adar ƙasar Hausa ita ce mai neman ilimi ba ya rasa wurin kwana. Zauren malami shi ne makarantarsa, shi ne kuma makwancinsa, abincinsa yana wuyan mutanen gari. A kan wannan turba malaman Gobir da Adar suka yi ta zuwa Katsina da Sakkwato neman karatu.

Da ilimin boko ya shigo, al'adar ba ta mutu ba. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922 domin horar da malaman makaranta. An zaɓi Katsina saboda tsohon sunan da ta yi a fagen ilimi. Da jar ƙasa aka gina azuzuwa da ɗakunan kwana, irin ginin da ɗalibai suka saba da shi a gida, don kada iyaye su ga an raba ƴaƴansu da tarbiyyarsu.

A waɗannan ɗakuna samari daga Sakkwato, Bauci, Barno da Ilori suka san juna. Ahmadu Bello ya zauna nan daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933, Abubakar Imam kuma ya yi zamani da su. Zumuncin da suka ƙulla shi ya bi su har lokacin da ragamar mulki ta shigo hannunsu a 1960. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda aka sa mata suna Barewa a 1971.

Haka abin ya kasance a ɓangaren Faransa. Makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ita ma ta kwana ce, ita ta yaye Diori Hamani, Boubou Hama da Djibo Bakary.

Tun da aka kafa Jami'ar Tawa a 2010, karatu mai zurfi ya matso kusa da ƴaƴan Madawa, Buza da Keita. Sai dai ɗan talakan da bai sami masauki ba, karatunsa yana cikin haɗari. Ya kamata sarakuna da attajirai su ɗauki wannan nauyi, kamar yadda magabata suka ɗauka. Allah ya ja zamanin sarki, amin.