Hanyar Hawa Nyiragongo: Wa Ke Buɗe Ta, Wa Ke Rufe Ta?

A gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, kimanin kilomita 15 arewa da birnin Goma, akwai wani dutse mai aman wuta da ake kira Nyiragongo. Tsayinsa ya kai mita 3,470 daga doron teku, siffarsa kuma tamkar an kifa mazurari. A ƙoƙoluwarsa akwai wani makeken rami wanda faɗinsa ya haura kilomita ɗaya, kuma shekaru da dama ramin yana riƙe da tafkin narkakken dutse mai tafarfasa dare da rana. Domin ganin wannan tafki ne mutane suka riƙa tasowa daga ƙasashe masu nisa suna hawansa. Sai dai duk wanda ya bi tarihin hanyar zai lura cewa ba wutar dutsen kaɗai ke yanke hukuncin buɗe ta ko rufe ta ba. Masu mulki da masu bindiga sun fi dutsen yawan yanke wannan hukunci.

Yadda hawan yake

A shekarun da hanyar ke buɗe, ana tashi da safe daga sansanin masu gadin daji na Kibati, wanda shi kansa yana kusan mita 2,000 daga doron teku. Matafiya kan tafi ayari guda, masu gadi riƙe da bindigogi gaba da baya, 'yan dako kuma ɗauke da ruwa da abinci da barguna. Zangon farko daji ne mai duhuwa. Daga nan sai a fito kan busasshen narkakken dutse, baƙi ƙirin, mai kaifi, yana rugurgujewa a ƙarƙashin takalmi. Zangon ƙarshe shi ne mafi wuya, domin gangaren yana da tsananin miƙewa, iska ta yi ƙaranci, numfashi sai an yi da gaske. Tafiyar kan ci awa huɗu zuwa shida. A bakin ramin akwai 'yan ɗakunan katako inda ake kwana cikin sanyi mai ratsa ƙashi, alhali can ƙasa wuta na haskaka hayaƙi ja wur.

Baƙi da dokokinsu

Mutanen yankin sun san dutsen tun kaka da kakanni, suna noma ƙasarsa mai albarka, suna girmama shi cikin al'adunsu. Bature na farko da tarihi ya rubuta hawansa shi ne Gustav Adolf von Götzen, wani hafsan Jamus, a 1894, a tafiyar da ya gana da Sarki Rwabugiri na Ruwanda. Shi ne daga baya ya zama gwamnan mulkin mallaka na Jamus a Gabashin Afirka, kuma a zamaninsa aka murƙushe tawayen Maji Maji.

A 1925 Sarki Albert na Beljiyam ya kafa gandun daji mai ɗauke da sunansa, na farko irinsa a nahiyar Afirka, bisa ƙoƙarin wani Ba'amurke mai suna Carl Akeley da ke son a kare manyan birran nan na kan duwatsu da ake kira gorila. Da aka faɗaɗa gandun a shekarun da suka biyo baya, Nyiragongo ya shiga ciki, al'ummomi da dama kuma suka rasa gonaki da wuraren farauta da kamun kifi. Dokar shiga ta yi tsauri har ga masana. Haroun Tazieff, masanin duwatsu masu aman wuta wanda ya soma bincike a kan ramin tun 1948, ya sha fama da hukumar gandun kafin ya samu izini, har ya laƙaba wa littafinsa suna da ke nufin haramtaccen dutse. Bayan samun 'yancin kai a 1960, a zamanin Mobutu, aka sauya wa gandun suna zuwa Virunga, sannan hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Sau uku wuta ta sauko

Haɗarin Nyiragongo yana cikin irin narkakken dutsensa. Na yawancin duwatsu mai kauri ne, yana tafiyar hawainiya, har mai tafiya a ƙasa zai iya tsere masa. Na Nyiragongo kuwa tsinkakke ne saboda ƙarancin sinadarin silika, ga kuma gangare mai miƙewa. Ranar 10 ga Janairu, 1977, gefen dutsen ya tsage, tafkin ya tsiyaye cikin ƙasa da awa guda, kwararar ta riƙa gudun da aka ƙiyasta ya kai kilomita 60 cikin awa, ta cinye ƙauyuka da mutanensu.

Ranar 17 ga Janairu, 2002, wutar ta kai har tsakiyar Goma. Ta binne wani ɓangare na titin saukar jiragen sama, ta raba birnin gida biyu, ta gangara cikin Tafkin Kivu. Kimanin mutum 400,000 suka tsere, akasarinsu zuwa Gisenyi da ke Ruwanda, fiye da 100,000 kuma suka wayi gari ba matsuguni. Mutanen Goma suna zaune ne a halin gaba kura baya siyaki: dutse ta arewa, ta kudu kuma tafkin da ƙarƙashinsa ke maƙare da iskar gas mai iya hallaka jama'a idan ta ɓalle lokaci guda.

Na uku ya zo ne daren 22 ga Mayu, 2021. Kwararar ta datse hanyar Goma zuwa Rutshuru, ta tsaya a bakin gari, aƙalla mutum 32 suka rasu. Abin da ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne rashin gargaɗi. Cibiyar da ke sa ido kan dutsen a Goma ta yi watanni cikin ƙarancin kuɗi, bayan da Bankin Duniya ya ƙi sabunta tallafinsa a 2020 sakamakon zargin almubazzaranci.

Bindiga ta fi wuta

Duk da munin waɗannan ranaku, yaƙi ne ya fi daɗewa yana tare hanyar. A 1994, bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda, ɗaruruwan dubban 'yan gudun hijira suka kwararo, aka kafa musu sansanoni irin na Kibumba a gindin dutsen. Kwalara ta yi musu ɓarna, buƙatar itacen girki kuma ta cinye daji mai faɗi. A shekarar ne UNESCO ta ayyana Virunga cikin wuraren da ke fuskantar barazana, kuma har yau bai fita daga wannan jeri ba. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya daga 1996 sun bar ƙungiyoyi masu makamai a cikin gandun, wasunsu na samun kuɗi daga gawayin da Goma ke girki da shi.

A 2012 'yan tawayen M23 suka kama Goma na ɗan lokaci, aka rufe hanyar. Aka sake buɗe ta a 2014, shekarar da aka yi wa shugaban gandun, Emmanuel de Merode, kwanton ɓauna aka harbe shi, Allah ya yi da sauran kwanansa. A watan Mayun 2018 aka kashe wata mai gadin daji, Rachel Masika Baraka, aka sace 'yan yawon buɗe ido biyu 'yan Birtaniya, sai aka sake rufe gandun har farkon 2019. Masu gadin Virunga da suka rasa rayukansu a bakin aiki sun haura 200.

Kowace rufewa tana da waɗanda ke biyan kuɗinta. Baƙon da ya fasa zuwa yakan sauya tikiti ya nufi wata ƙasa. Ɗan dakon Kibati, da mai dafa wa ayari abinci, da direban da ke kai su daga Goma, ba su da inda za su sauya. Kuɗin takardar izini, wanda ya kasance dala 300 ga baƙo a shekarun da hanyar ke buɗe, na cikin abin da gandun kan riƙe ma'aikatansa da shi, saboda haka duk watan da ba a hau ba, ƙarfin kare dajin raguwa yake.

Bayan aman 2021, ana kukan targaɗe sai ga karaya. M23 ta sake tasowa a ƙarshen shekarar, ta kama Rumangabo inda hedikwatar gandun take a 2022, dubban waɗanda suka tsere daga faɗa suka kafa bukkoki a gefen hanyar da ke tsakanin Kibati da Goma. A watan Janairun 2025 birnin ya sake faɗawa hannun 'yan tawayen. Masana na da na'urorin auna girgizar ƙasa da hayaƙin da ke fita daga ramin, idan an ba su kuɗin aiki. Ranar da ayari zai riƙa tashi daga Kibati cikin kwanciyar hankali kuwa tana jiran abin da za a cimma tsakanin Kinshasa da Kigali da masu riƙe da makamai a Kivu ta Arewa.