Haɗa Fannonin Ilmi a Sakkwato, Daga Zaure Zuwa Jami'a

A jami'o'in zamani akwai wani tsari da ake ba ɗalibi damar ya haɗa tarihi da harsuna da adabi da ilmin addini da falsafa a cikin digiri ɗaya, maimakon ya tsaya a sashe guda. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan tsari baƙo ne, daga Ingila ko Amurka ya zo. Amma wanda ya bi tarihin karatu a birnin Sakkwato zai ga haɗa fannoni shi ne asali, raba su kuwa shi ne ya zo daga baya.

Muhammadu Bello ne ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna a cikinta a 1815, ya rasu a 1817. Malaman da suka taru a birnin sun zo da tsarin karatu wanda suka gada tun daga Degel. A wannan tsari ba a san sashe ba, littafi aka sani da malami. Almajiri yakan ɗauki littafi a wurin wanda ya ƙware a kansa, in ya sauke ya tashi ya nemi wani malami da wani littafi.

Babbar shaida a kan wannan ita ce Ida'un Nusukhi, wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a 1812, inda ya lissafta malamansa da abin da ya karanta wurin kowannensu. A wurin wansa Shehu kaɗai ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin Larabawan Jahiliyya, da nahawu kamar Ajuruma, da fikihu kamar Risala, da tafsiri. Sa'an nan ya je wurin waɗansu, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Abin da ya rubuta daga baya ya nuna amfanin wannan yawo: Liya'ut Ta'awili a tafsiri, Baharul Muhiɗi a nahawu, Liya'ul Hukkami a sha'anin mulki, da Tazyinul Waraƙati wanda ya haɗa waƙa da tarihi a wuri ɗaya.

Ba kwaɗayin tara littattafai ba ne ya sa suka yi haka. A ganinsu fannoni suna ɗauke da juna kamar duwatsun murhu. Ba a fahimtar hukunci sai da lugga da nahawu, ba a sanin lugga sai da waƙoƙin Larabawa, alƙali kuma ba ya raba gado sai da hisabi. Wanda ya bar ɗaya, sauran sun karkace.

Haka Sarkin Musulmi Bello yake. Ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya bayyana ƙasashen Sudan da mutanensu da labarin jihadi, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan siyasa da magunguna. Baturen nan Kilafatan, wanda ya zo Sakkwato a 1824 ya sake dawowa a 1826, ya kawo masa littafin Uƙilidisu na lissafi da Larabci. Ya faɗa a littafin tafiyarsa cewa ya tarad da Bello yana duba shi, Bello kuwa ya gaya masa dā ma suna da wani kwafi da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta ɗora karantarwar mata a kansu ta hannun jajis ɗinta na 'yan taru. Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, jikan Shehu ta wajen uwa, ya rubuta Raulatul Afkari a tarihin ƙasar Hausa, ya kuma zurfafa a falsafa da sufanci.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, karatu ya rabu gida biyu. Makarantun boko, da Kwalejin Katsina wadda aka kafa a 1921, suka riƙa fitar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e masu Turanci, zaurukan malamai kuwa suka ci gaba da Larabci. Sai aka wayi gari wanda ya koyi hanyar binciken tarihi ba ya iya karanta takardun kakanninsa, wanda yake iya karanta su kuma ba a lissafa shi cikin masu ilmin zamani.

Wanda ya riƙe igiyar a tsakani shi ne Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama Wazirin Sakkwato a 1948, ya rasu a 1997. Masanin nahawu ne, mawaƙi, masanin tarihi, ya rubuta Labɗul Multaƙaɗati da Larabci da Tarihin Fulani da Hausa, ya kuma tara littattafai da wasiƙun gidan waziranci. Mare Las, ɗalibin Jami'ar Ibadan, a wurinsa ya zauna ya karanta waɗannan takardu, har littafinsa a kan Daular Sakkwato ya fito a 1967. Farfesa Abdullahi Smith kuma ya kafa shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka shiga tattara rubuce-rubucen hannu. Darasin da aka samu a fili yake: jami'a ba ta iya rubuta tarihin Sakkwato ba sai da ta koma zaure ta durƙusa.

A 1975 aka yi babban taron masana a Sakkwato a kan tarihin daular, a shekarar kuma aka kafa Jami'ar Sakkwato. Ta fara karatu a 1977 a ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, masanin Larabci, aka sāke mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. An tara Larabci da ilmin addinin Musulunci da tarihi da harsunan Nijeriya a tsangaya ɗaya, amma kowanne da sashensa da digirinsa, kamar yadda aka gada daga tsarin Ingila.

Kada a ɗauka tsohon tsari ba shi da aibu. Yana cin shekaru masu yawa, ba kowa ne yake kaiwa ƙarshensa ba, girmama malami kuma yakan hana almajiri tuhumar abin da ya ji. Jami'a ta kawo abin da ba a raina shi: gwama kwafi da kwafi, da tantance shekaru, da tambayar dalilin da ya sa marubuci ya faɗi abin da ya faɗa. Sai dai rabon sassa yana da tasa hasara. Wasiƙa ɗaya ta Sarkin Musulmi zuwa ga wani sarki tana bukatar Larabci domin a karanta ta, da fikihu domin a gane hujjarta, da tarihi domin a san abin da ya jawo ta. Waƙar Nana Asma'u tana bukatar ajami da Fillanci da awon waƙa. Ɗalibin sashe ɗaya rabin takardar kaɗai zai gani.

Saboda haka malaman kwalejojin horon malamai da na jami'a, waɗanda a hannunsu tsarin darussa yake, ya kamata su duba wannan tarihi kafin su ce haɗa fannoni rarraba hankali ne. Takardu suna nan a gidan adana tarihi na Waziri Junaidu da gidajen malamai na cikin birni, gara da damina ba sa jiran kowa. In ba a yaye ɗaliban da suka haɗa harshe da tarihi da fikihu ba, takardun za su wanzu a akwatuna, masu karanta su kuwa su ƙare.