Tarihin Binciken Alaƙar Ɗan Adam da Muhalli

Binciken alaƙar ɗan Adam da muhalli fanni ne da ya tara masana halittu, masana tattalin arziki, masana halayyar ɗan Adam da malaman makaranta a kan tambayoyi biyu. Ta farko: wane aiki daji da fadama da kogi da ƙwari ke yi wa mutum ba tare da ya biya ko sisi ba? Ta biyu: me ke sa wani ya damu da waɗannan abubuwa, wani kuma ko a jikinsa? Manomi ya daɗe da sanin wani ɓangare na amsar, domin ba a banza yake barin gawo a tsakiyar gona ba. Abin da masu bincike suka ƙara shi ne awo da lissafi, irin wanda ake iya ajiyewa gaban minista ko shugaban banki.

Galibi ana fara labarin ne daga George Perkins Marsh, Ba'amurke ɗan jihar Vermont, wanda ya yi jakadanci a Daular Usmaniyya sannan a Italiya. A yawonsa na ƙasashen gaɓar Bahar Rum ya ga tsaunuka tsirara da ƙasa mai zaizayewa a wuraren da littattafan tarihi suka ce da can suna ciyar da dauloli. A 1864 ya fitar da littafi yana cewa sare dazuzzuka ne ya kashe maɓuɓɓugan ruwa ya kwashe ƙasar noma, kuma Amurka ta kama hanya guda. Sai da aka yi kusan shekara 100 kafin wata murya ta sake girgiza jama'a haka. A 1962 Rachel Carson ta bi sawun maganin ƙwari na DDT daga gona zuwa ruwa, daga ruwa zuwa kifi, daga kifi zuwa tsuntsaye. Kamfanonin sinadarai sun yi mata ca, amma shekara 10 bayan haka Amurka ta hana fesa shi a gonaki.

A wannan shekarar ta 1972 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taron muhalli na farko a Stockholm, wanda ya haifi hukumar UNEP mai hedikwata a Nairobi, ya kuma bar wa duniya ranar 5 ga Yuni a matsayin ranar muhalli. Ɗaya daga cikin shawarwarin taron ita ce a shigar da muhalli cikin karatu. UNESCO da UNEP suka ɗauki aikin, aka yi taron Belgrade a 1975, sannan babban taron gwamnatoci a Tbilisi a Oktoban 1977, inda aka shimfiɗa manufofin da har yau manhajojin ƙasashe da yawa ke kwafa. William Stapp na Jami'ar Michigan, wanda ya rubuta ɗaya daga cikin ma'anonin ilimin muhalli na farko a 1969, shi ya fara jagorantar shirin a UNESCO.

Tunanin wancan zamani mai sauƙi ne: a koya wa yaro illar sare itace, zai ji tausayin itace, in ya girma ba zai sare ba. Bincike bai gaskata wannan ba. A 1990 Harold Hungerford da Trudi Volk suka tattara abin da aka gano, suka nuna cewa sani shi kaɗai ba ya canza hali. Mutum na iya cin jarrabawar muhalli da maki mai kyau, ya fito ya watsa leda a kwata. Sai wasu suka juya tambayar, suka je wurin mutanen da suka riga suka sadaukar da rayuwarsu ga kare muhalli, suka tambaye su yadda abin ya faro. Thomas Tanner ya fara wannan a 1980, Louise Chawla kuma ta zanta da irin waɗannan mutane 56 a Kentucky da Norway. Amsar da ta fi maimaituwa ba aji ba ce. Wasan yarinta ne a daji ko bakin rafi, da kuma wani babba a gida, uba ko kaka, da yake nuna wa yaro abu ya gaya masa sunansa.

Sunayen ma sun zama abin bincike. A 2002 Andrew Balmford da abokan aikinsa na Jami'ar Cambridge suka nuna wa yaran firamare 109 a Birtaniya katuna iri biyu, wasu ɗauke da dabbobi da tsirran ƙasarsu, wasu ɗauke da dodannin wasan Pokémon. Yara 'yan shekara 8 sun gane kusan kashi 80 cikin 100 na dodannin, amma da ƙyar suka wuce rabi a halittun da ke bayan gidajensu. Ƙwaƙwalwar tana nan garau, abin da aka cika ta da shi ne ya canza.

Ta ɓangaren lafiya, aikin da ya buɗe ƙofa ƙarami ne ƙwarai. Roger Ulrich ya shiga rumbun fayilolin wani asibiti a Pennsylvania, ya zaƙulo bayanan mutane 46 da aka yi wa tiyatar cire maɗaciya tsakanin 1972 da 1981. Ɗakunansu iri ɗaya ne, a sashe guda na ginin, sai dai tagar wasu na kallon 'yan bishiyoyi, ta wasu kuma na kallon katangar bulo. Ya haɗa su biyu-biyu bisa shekaru da jinsi da nauyi da shan taba, don kada a ce wani abu daban ne ya kawo bambancin. Masu kallon bishiya sun kwana kusan 8 a asibiti bayan tiyata, masu kallon bango kusan 9. Na farkon sun nemi allurar kashe zafi mai ƙarfi ƙasa da na biyun, kuma a rubutun nas-nas an fi samun kalmomin ƙorafi da ɓacin rai a fayilolin 'yan bango. Mujallar Science ta buga sakamakon a 1984. Mutum 46 ba taro ba ne, kuma masu suka sun faɗi haka, amma masu zanen asibitoci sun riƙe shi gam.

A shekarar ce kuma masanin tururuwa Edward O. Wilson ya kawo ra'ayin cewa son halittu masu rai a jinin ɗan Adam yake, gado ne daga dubban shekarun da ya yi yana rayuwa a sarari. Ra'ayi ne mai daɗin ji, mai wuyar tabbatarwa. Hukumar gandun daji ta Japan ta riga ta fara kiran jama'a tun 1982 su riƙa shiga daji don hutun jiki. Rachel da Stephen Kaplan suka bayyana a 1989 yadda kallon ganye da ruwa ke wartsake hankalin da aiki ya gajiyar. A 2004 Stephan Mayer da Cynthia Frantz suka tsara tambayoyi 14 na auna yadda mutum ke jin shi ɓangare ne na halittu, abin da ya ba masu bincike ma'auni guda. Wani aiki na Jami'ar Exeter a 2019, kan mutane kusan 20,000 a Ingila, ya gano cewa masu yin aƙalla minti 120 a mako a lambu ko daji ko bakin teku sun fi cewa suna cikin ƙoshin lafiya. Sai dai a lura, mai lafiya ne ke iya fita yawo tun farko. Akwai kuma wani giɓi da ya fi wannan girma: yawancin waɗannan ayyuka an yi su ne kan mazauna biranen Turai da Amurka da gabashin Asiya, waɗanda daji wurin shaƙatawa ne a gare su. Makiyayi ko mai saran itace da ke yini a daji don neman abin sawa a baki, tambayoyin ba da shi aka tsara su ba.

Ɗaya hanyar kuwa, ta lissafin kuɗi, ita ta fi shiga kunnen gwamnatoci. Wani rahoto da aka haɗa a jami'ar MIT a 1970 ya jera ayyukan da muhalli ke yi: barbarar furanni, riƙe ƙasa, tare ambaliya, rage ƙwarin gona. Walter Westman ya tambaya a 1977 nawa ne kuɗin waɗannan ayyuka. Ɗaya daga cikin amsoshin farko da aka fi ambato a duniya daga fadamar Haɗeja da Nguru ta fito. Bayan gina dam ɗin Tiga a 1974, kuma ana shirin kammala na Challawa, ruwan da ke malala a fadamar duk damina ya ja baya. Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka zauna a farkon shekarun 1990 suka ƙididdige abin da mutanen yankin ke samu daga shinkafa da sauran amfanin gona, da kifi, da itacen girki. Sun gano cewa kowace lita miliyan ɗaya ta ruwa da ta isa fadamar tana samar da ribar dala 10 zuwa 15, alhali irin wannan ruwa a aikin noman rani na Kogin Kano bai kai ko senti 5 ba. Kuma ba su sa kiwo a lissafin ba, ba su sa ruwan da ke nutsewa ya cika rijiyoyin ƙauyuka ba, balle tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da hunturu. Ruwan da injiniyoyi ke ganin yana ɓacewa a banza ashe shi ne mai tsada. Lissafin ya shiga littattafan jami'o'i, amma dam ɗin Challawa ya fara aiki a 1992, ciyawar kacalla kuma ta zo ta toshe hanyoyin ruwa da dama.

Shekarar 1997 ita ce ta fito da fannin fili. Gretchen Daily ta shirya littafin da ya haɗa kan masana, Robert Costanza da tawagarsa kuma suka buga a mujallar Nature cewa ayyuka 17 na muhallin duniya sun kai kimanin dala tiriliyan 33 a shekara, lokacin da duk abin da tattalin arzikin duniya ke samarwa yake wajen tiriliyan 18. Masana tattalin arziki da yawa sun yi dariya, suna cewa in babu iska da ruwa babu mai saye balle farashi. Duk da haka lambar ta yi aikinta, ta ja hankalin jaridu. A shekarar ce birnin New York ya sa hannu kan yarjejeniya da garuruwan tsaunukan Catskill, inda yawancin ruwan shansa ke fitowa. Maimakon gina matatar ruwa ta dala biliyan 6 zuwa 8, sai ya kashe kusan biliyan 1.5 wajen sayen filaye, gyara magudanan ƙazanta da taimaka wa manoma su nisantar da shanu daga rafuka. Ƙasar Kosta Rika ita ma ta fara biyan masu filaye don su bar daji a tsaye, da kuɗin harajin man fetur.

Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya nemi a yi wa duniya baki ɗaya irin wannan duba. Masana fiye da 1,300 daga ƙasashe 95 suka yi aikin, kuma rahotonsu na 2005 ya ce daga cikin ayyukan muhalli 24 da aka auna, 15 suna lalacewa ko ana cin su fiye da ƙima.

Amma sa wa daji farashi yana da tarko, kuma wata gonar kofi a Kosta Rika ta nuna shi. A 2004 Taylor Ricketts ya auna cewa ƙudan zuma daga wasu guntayen daji biyu na ƙara yawan amfanin bishiyoyin da ke kusa da kashi 20 cikin 100, abin da ya kai kusan dala 60,000 a shekara. Ba a jima ba farashin kofi ya faɗi, gonar ta koma noman abarba, wadda ba ta buƙatar ƙudan zuma. Douglas McCauley ya yi amfani da wannan a 2006 ya tambaya: to yanzu dajin ya zama banza ke nan? Irin wannan suka, haɗe da ƙorafin al'ummomin da ke ganin kogi ko kurmi a matsayin amana ko wuri mai tsarki, ya sa hukumar IPBES, wadda aka kafa a 2012, ta faɗaɗa tsarinta don ya karɓi ilimin gargajiya da ƙimar da ba ta kuɗi ba. Ita ce ta ba da rahoto a 2019 cewa nau'o'in halittu kusan miliyan ɗaya na fuskantar ɓacewa.

Sababbin ayyuka sun fi karkata ga auna abin da ya faru bayan an yi rashi, kuma misalin da ya fi tsayawa a rai na ungulu ne. A shekarun 1990 makiyayan Indiya suka fara ba shanu maganin ciwo mai araha, diclofenac. Duk ungulun da ta ci mushen saniyar da aka ba maganin, ƙodarta ke lalacewa ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ba a gano dalilin ba sai 2004, lokacin da Lindsay Oaks da abokansa suka tabbatar da shi a Pakistan. Wani nau'in ungulu da da ake ganinsa ko'ina ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. Mushe ya riƙa ruɓewa a bakin ruwa, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. A 2024 Eyal Frank da Anant Sudarshan suka kwatanta gundumomin da ungulu ke zama da waɗanda ba ta zama, suka ƙiyasta cewa rashinta ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Indiya ta haramta ba dabbobi maganin a 2006, an kuma buɗe cibiyoyin kiwon ungulu, sai dai tsuntsuwar ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka har yanzu yawanta bai kama ƙafar na da ba.