Wa Ya Rubuta, Wa Ya Gani?

Karatu: Luka 1:1-4

'Yan'uwa cikin Almasihu, duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Shagari zai ratsa ƙasar Bodinga. A nan Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ƙanensa Abdullahi kuwa a Bodinga ya zauna.

Ta yaya muka san wannan? Domin mutanen nan sun riƙe alƙalami. Muhammadu Bello ya rubuta Infakul Maisuri a 1812, shekara huɗu kacal bayan faɗuwar Alƙalawa, lokacin da waɗanda suka halarci yaƙin suna da rai. Amma mu lura, wanda ya ci yaƙi ne ya ba da labari. Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a 1808, ba mu kuwa da littafinsa a hannu. Duk da haka akwai abin da ya sa muke girmama Bello. Ya sa wasiƙar Shehu El-Kanemi na Barno cikin littafin, wasiƙar da take tuhumar jihadin kansa, sa'an nan ya amsa ta. Mai son ɓoye gaskiya da wuya ya ba abokin gardamarsa fili haka.

Da wannan mudu ya kamata mu auna namu Littafin, kada mu ji tsoro. Luka bai ce ya ga Yesu da idonsa ba. Ya gaya wa Tiyofalas cewa ya bi diddigi wurin shaidun da suka gani. Kuma me ya rubuta? Bitrus, babba cikin manzanni, ya yi musun Ubangiji sau uku. Mata ne suka fara kai labarin tashinsa, manzanni kuwa suka ɗauke shi tatsuniya. Wa zai ƙaga labarin da zai kunyata shugabanninsa? Wannan bai zama bangaskiya ba tukuna, gama takarda ba ta ceton kowa. Amma ya nuna mana shaidun ba masu gyaran fuska ba ne.

Abin kunyarmu ɗaya ne. Zuriyar malaman Sifawa sun adana takardunsu shekara fiye da 200. Mu kuwa, a ikilisiyoyi da dama gara ta cinye littafin baftisma, dattawan da suka san wanda ya fara kawo bishara garinsu suna ta tafiya gida ɗaya bayan ɗaya. Bari kowane magatakarda ya ɗauki littafi da biro ya ziyarci tsohon da ya fi kowa shekaru a ikilisiyarsa kafin damina ta faɗi.