Sitiyari a Garejojin Sabon Gari: Daga Canjin Hannu Zuwa Jakar Iska

Ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, direbobin Najeriya suka wayi gari da sabuwar doka: tuƙi ya bar hannun hagu na titi ya koma na dama. A Zariya, lamarin ya fi shafar Sabon Gari, unguwar da ta taso da zuwan jirgin ƙasa a 1911, inda kantunan Turawa irin su PZ suka kafu, makanikai da masu sayar da kayan gyara suka yi sansani. Motocin da aka gada daga Ingila sitiyarinsu a dama yake. Sannu a hankali mayar da shi hagu ya zama sana'a, kuma ba ƙaramin aiki ba ne, domin sai an ɗauke shi tare da birki da kuloci da totur.

Shi kansa sitiyarin a lokacin ba wani abu ba ne illa zoben ƙarfe da aka lulluɓe da roba. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda kowa ke kira Fijo, noti ne ke riƙe da nata, sai wayar hon. Yaron gareji ma yakan kwance shi kafin maigidansa ya gama shan shayi.

A Turai kuwa, sauya sitiyari ado ne na masu motocin tsere. Kamfanin Momo na Italiya, wanda Gianpiero Moretti ya kafa a 1964, ya yi suna da ƙaramin sitiyari mai kauri da ke cika tafin hannu. Amma a 1981 Mercedes-Benz ta fara saka jakar iska a tsakiyar sitiyari, a 1987 kuma Porsche 944 Turbo ta fito da jaka biyu, ta direba da ta mai zaman gaba. Kafin shekarun 1990 su ƙare, Amurka ta wajabta su a sababbin motoci.

Wannan sauyi ya iso Zariya ne a cikin motocin Beljiyam, wato na hannu, da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas. Bakaniken da ya koyi aiki a kan Fijo ya buɗe Honda ko Toyota, ya tarar da abin da bai taɓa gani ba: sinadarin da ke kamawa da wuta idan an yi karo, ya cika jaka kafin ƙiftawar ido, da wata siririyar waya naɗe a baya wadda ke tsinkewa idan aka juya ta ba daidai ba. Dole aikin ya koma hannun masu waya. Ƙwararru a cikinsu ba sa taɓa sitiyari sai sun cire batir sun ɗan jira, don jakar da ta tashi a fuskar mutum tana iya yi masa mummunan rauni.

Abin da ke damun duk mai tausayin rai shi ne dabarar da ta biyo baya. Jaka sau ɗaya take aiki, sabuwa kuma da tsada. Sai a liƙe murfin a kan rami, ko matashi ya sayo sitiyarin tsere wanda ba shi da gurbin jaka sam. Kwamfutar mota ta gane an yi giɓi, ta kunna fitilar gargaɗi mai alamar SRS, shi kuma mai gyara ya maƙala ɗan ƙaramin ƙarfen lantarki da zai sa ta zaci jakar tana nan. Bel ɗin kujerar irin waɗannan motoci an ƙera shi ne ya yi aiki tare da jakar, ba shi kaɗai ba.

Zariya tana da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da cibiyar fasahar sufuri ta NITT tun 1986, amma yawancin masu gyara har yau a gaban maigida suke koyo, da ido da hannu. Fitilar gargaɗin ta mutu, mai mota ya biya, ya bi ta Kwangila ya hau titin Sakkwato zuwa Samaru, tsakanin tireloli da 'yan acaɓa, babu komai tsakanin ƙirjinsa da ƙarfen sitiyari.