Buga waya: yadda kunne ya ƙwace aiki daga hannun takarda

Jama'a masu saurarenmu na Konni, Malbaza da Illela, kullum muna cewa "bari in buga waya". To me ake bugawa? Salula dai shafa ta ake yi. Kalmar ta taso ne tun zamanin tangaraho, lokacin da ma'aikacin gidan waya ke ƙwanƙwasa wani ɗan ƙarfe da yatsa, saƙo ya bi igiyar waya ya isa wani gari. Wannan bugun muka fara koyo kwanan nan, shi ne ya sa muka koma tarihinsa.

Ranar 24 ga Mayu 1844, Samuel Morse ya aika saƙonsa daga Washinton zuwa Baltimore a Amurka, abokin aikinsa Alfred Vail ya karɓa. Na'urarsu tana zana ɗigo da ja a kan siririyar takarda, sannan a zauna a karanta. Ba a jima ba ma'aikata suka lura cewa tun kafin su dubi takardar, ƙarar na'urar ta riga ta faɗa musu harafin. Sai aka ajiye takarda, aka koma sauraro. Tsarin da duniya ke aiki da shi yau, wanda Bajamushe Friedrich Gerke ya gyara a 1848, an amince da shi a taron Faris na 1865.

Mu nan mun san abin da ake nufi da inda waya ta ƙare. A watan Afrilu 1899 gwamnatin Faransa ta aiko umarni ta tangaraho a tsayar da Voulet da Chanoine. Waya ba ta iso ƙasar Hausa ba a lokacin, dole Kanar Klobb ya biyo sawunsu da kansa, tafiyar kilomita wajen 2000. Kafin ya cim musu a watan Yuli, an ƙone Birnin Konni tun farkon Mayu. Umarnin da ya tsallaka teku cikin ɗan lokaci ya yi kusan wata uku yana jan ƙafa a tudu. Daga baya rediyo ya raba bugun Morse da igiya, ƙaramar na'ura da batir suka isa a ji mutum a wata nahiya, ko da murya ba za ta fita ba saboda hayaniyar iska.

Yanzu ga inda muka yi kuskure, kuma yawancin ƴan koyo can suke faɗawa. Mun ɗauko jadawalin haruffa muka haddace shi kamar darasin lakwal: A ɗigo da ja, E ɗigo ɗaya, T ja ɗaya. Da aka saki sauti, sai ga mu muna ƙidaya, muna neman hoton harafi a ka. Kafin mu gano na farko, uku sun wuce. Wallahi abin ban haushi!

Wani masani Bajamushe, Ludwig Koch, ya binciki wannan matsala a shekarun 1930. Dabararsa ita ce kada a rage sauri. A fara da haruffa biyu kacal da saurinsu na gaskiya, masu koyarwa da yawa kan zaɓi K da M, sai mutum ya kama kashi 90 cikin 100 kafin a ƙara na uku. K ba "ja, ɗigo, ja" ba ne, "daa-di-daa" ne, sauti guda mai kamanninsa. M kuwa "daa-daa". Akwai kuma hanyar Farnsworth, inda harafi ke fita da sauri amma a tsawaita hutun da ke tsakani.

A ganinmu Bahaushe bai kamata ya sha wahala a nan ba. Wanda ya tashi yana jin kalangun mahauta yana kiran mutum da kirarinsa bai taɓa ƙidaya bugu ba, kawai ya ji ya gane. Harshenmu ma da tsawon wasali yake raba wasu kalmomi. Tsawon ja ninki uku ne na ɗigo, kunnenmu ya saba da irin wannan awo. Abu ɗaya da za a yi haƙuri da shi: é na Faransanci yana da bugunsa, amma ɓ, ɗ da ƙ ba su samu shiga ba, sai dai a buga b, d, k a bar mai karɓa ya gane.

Jiragen ruwa sun bar Morse a matsayin hanyar neman agaji a 1999, kuma tun 2003 dokar duniya ba ta tilasta wa masu rediyon sha'awa su ci jarrabawarsa. Duk da haka suna nan suna bugawa dare da rana. Alamar kiran Nijar tana farawa da 5U, ta maƙwabtanmu na Najeriya 5N. Watsa saƙo sai da izinin hukuma, amma horar da kunne ba ya buƙatar komai sai salula da minti goma sha biyar bayan isha'i. Mu dai muna kan harafi na bakwai, kuma R tana nan tana rikice mana da K.