Ƴancin ɗan haya idan mai gida ya ce ya tashi

A biranen Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, iyalai da yawa suna zaune cikin gidajen haya. Gida na mai shi ne, babu jayayya. Amma muddin yarjejeniyar haya tana nan, ɗan haya ma yana da haƙƙin da doka ta kare masa.

Waɗanne dokoki ne suka yi maganar haya?

A Nijar, a ranar 18 ga watan Afrilu na 1996 aka fitar da doka mai lamba 96-016 kan sha'anin haya. Akwai kuma kundin dokokin zaman jama'a, wanda ya shimfiɗa tushen yarjejeniyar haya. Hayar shago ko wurin sana'a kuwa tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta ƙungiyar OHADA, mai ƙasashe 17 har da Nijar. An sabunta wannan doka a birnin Lome ranar 15 ga Disamba 2010.

Nauyin da ke kan kowa

Mai gida zai miƙa gidan cikin halin da za a iya zama a ciki. Shi ne da manyan gyare-gyare, kamar rufi da bango. Wajibi ne kuma ya bar ɗan haya ya zauna cikin kwanciyar hankali.

Ɗan haya zai biya kuɗin haya a kan lokaci. Zai kula da gidan kamar nasa, ya yi ƙananan gyare-gyare, kuma kada ya mai da gidan kwana wurin wata sana'a ba da yardar mai shi ba. Wanda ya sauke nauyinsa, maganarsa ta fi ƙarfi gaban alƙali.

Abin da mai gida ba ya da izinin yi

Ko da ana bin ɗan haya bashin watanni, mai gida ba ya da ikon yi wa kansa shari'a. Bai halatta ya watsar da kaya waje ba, ko ya canza kwaɗo, ko ya cire ƙyaure da kwanon rufi, ko ya yanke ruwa da wuta don ya tilasta wa mutum tashi. Kutsawa da ƙarfi cikin mazaunin wani laifi ne da dokar hukunta laifuka ta hana, ko da mai kutsawar shi ne mai gidan.

Alƙali ne kaɗai ke ba da umurnin fitar da mutum da ƙarfi. Wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai isar da takardun kotu, shi ke zartar da hukuncin. Ƴan sanda ko jandarmomi suna rufa masa baya ne kawai idan an buƙace su.

Idan an sayar da gidan ko mai shi ya rasu

Rasuwar mai gida ba ta kashe yarjejeniyar haya. Magada suna ɗaukar matsayinsa. Haka ma rasuwar ɗan haya ba ta kashe ta. Idan an sayar da gidan, aya ta 1743 ta kundin dokokin zaman jama'a ta hana mai saye korar ɗan hayar da ke riƙe da takarda mai tabbataccen kwanan wata, sai in yarjejeniyar da kanta ta ba da wannan dama. Wannan shi ne amfanin yi wa takardar haya rajista.

Hayar shago da wurin sana'a

A nan dokar OHADA ta ƙayyade wa'adi filla-filla:

1. Idan ɗan haya bai biya ba, sai an fara aika masa takardar gargaɗi. Yana da wata 1 don ya gyara kafin a kai shi kotu. Aya ta 133 ce ta faɗi haka.
2. Idan ba a sa ranar ƙarewar haya ba, mai son a rabu zai ba da sanarwa wata 6 kafin lokaci.
3. Wanda ya yi sana'a shekara 2 a wurin bisa ƙa'ida yana da haƙƙin a sabunta masa haya. Idan hayar tana da ranar ƙarewa, dole ya nemi sabuntawa aƙalla wata 3 kafin ranar. In ya makara, haƙƙin ya faɗi.
4. Mai gidan da ya ƙi sabuntawa ba tare da dalilin da doka ta amince da shi ba zai biya diyya.

Me za ka yi idan an ce ka tashi?

Na farko, kada ka yi faɗa, kada kuma ka daina biya don fushi. Rashin biya shi ne babbar hujjar da za a kawo a kanka.

Na biyu, tara shaida: takardar haya, takardun biyan kowane wata, da takardar kuɗin ajiya da ka bayar ranar shiga. Magana zarar bunu ce, rubutu kuwa yana zama. In ba ka iya karatu sosai ba, ka sa amintacce ya karanta maka kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa.

Na uku, idan mai gida ya ƙi karɓar kuɗi, kada ka kashe su. Ka miƙa masa gaban shaidu, ko ka sa wisiye ya kai masa.

Na huɗu, nemi sulhu. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane. In an daidaita gaban mai unguwa, a rubuta abin da aka yarda da shi, kowa ya riƙe tasa takarda.

Na biyar, idan sammaci ya zo, ka je kotu ranar da aka sa. In ba ka je ba, ana iya yanke hukunci a bayan idonka. Faɗa wa alƙali halin da kake ciki, domin yana iya ba ka lokaci ko ya rarraba maka biyan bashin, har zuwa shekara 1. In hukuncin bai gamsar da kai ba, ka tambayi wa'adin ɗaukaka ƙara tun ranar, domin gajere ne.

Ina za a samu taimako?

A 2011 aka kafa hukumar ANAJJ, mai taimaka wa jama'a kan sha'anin doka da shari'a. Tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi. Bayani da shawara kyauta ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya neman a ba shi lauya.

Ranar fita

A zagaya gidan tare da mai shi gaban shaidu, a rubuta halin da aka bar shi. A biya kuɗin ruwa da na wuta, sannan a miƙa makulli. Mai gida zai mayar da kuɗin ajiya, bayan ya cire bashi ko kuɗin ɓarnar da aka tabbatar. Shi ya sa ake so a rubuta halin gida tun ranar shiga: in babu wannan takarda, doka tana ɗauka cewa lafiya lau ɗan haya ya karɓe shi.